Ƙwayar da Baba Ya Ƙara Saboda Ni

Da sunan Allah na ɗauki wayar nan, don Shi kaɗai Ya san nauyin da ke ƙirjina. 'Yan uwa, in kun ga rubutun ya fito a hargitse ku yi mini uzuri, ina yi ne ina goge allon waya da gefen hijabi.

Sunana Safara'u. Sunan mahaifiyar Babana aka mayar mini, shi ya sa tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kama sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Gidanmu yana wani ƙauye a gefen Tiga, cikin ƙasar Bebeji. Asalin garinmu yana ƙarƙashin ruwan dam, Baba yana yaro aka taso su. Da kamun kifi da noman rani ya riƙe mu, har ya kai ni jami'a a Kano, inda yanzu nake digiri na biyu a kan yadda jikin ɗan'adam yake aiki.

Aikina da ɓeraye ne. Na san wata ta yamutsa fuska, ni ma haka na yi ranar farko. Farare ne tas masu jan ido, ba irin na rumbu ba. Bari in yi muku bayani a taƙaice, don in ban yi ba ba za ku gane abin da ya same ni ba.

A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin, shi ke sa motsin jiki ya tafi sumul. Mukan sa wa ɓera maganin barci, mu yi masa wata allura a ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa, ta kashe ƙwayoyin da ke samar da sinadarin a wannan ɓarin kaɗai. In ya warke sai ka gan shi garau. Amma wuraren da ke karɓar saƙon dofamin a ɓarin nan, da yake sun daɗe ba su samu ba, sai su ƙara kaifi, ɗan kaɗan ya ishe su su zabura. To ranar da muka ba shi maganin da ke kwaikwayon dofamin, sai ɓarin da ya lalace ya fi mai lafiyar amsawa. Nan take ɓera zai kama juyi a cikin robar da muka sa shi. In ɓarin hagu aka taɓa masa, ɓangaren dama zai yi ta juyawa, ba ya iya tsayawa ko da yana so. Ni kuma ina zaune da safar hannu da takunkumi ina ƙirgawa, don yawan juyin ne ke nuna girman ɓarnar.

Ba don sha'awa na zaɓi wannan aikin ba. Shekarun baya Baba yana gyaran taru a tsakar gida, hannunsa na dama ya fara rawa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi wanka da saiwoyi. Daga ƙarshe na ja shi asibiti a Kano, likita ya ce ciwon Fakinsin ne, ƙwayoyin da ke yin dofamin ne suke mutuwa a kansa. Aka ɗora shi a kan wata ƙwaya da yake sha safe, rana, dare. In ta kama shi sai ya miƙe kamar ba shi ba, har ya je ya duba albasarsa. In ta sake shi kuwa, ko maɓallin riga ba ya iya sawa.

Tun daga lokacin Inna ta sa a ranta cewa maganin Baba nake haɗawa a makaranta. Duk dawowar da zan yi, kafin in ajiye jaka za ta ce, "Ke 'yar nan, maganin naku ya kusa?" Ita ma ba ta kama sunana, sunan surukarta ne. Ni kuwa ruwan wani ganye nake gwadawa ko zai rage wa ɓerayen juyi. Makon jiya na gama. Waɗanda na ba ganyen da waɗanda ban ba ba, juyinsu ɗaya. Malamata ta dafa kafaɗata ta ce, "Shi ma sakamako ne, ki rubuta shi yadda ya zo." Na shiga banɗaki na yi kukana na ƙoshi. Da Inna ta tambaye ni sai na ce, "Ana nan ana yi."

Sai maganar Kamaluddeen.

Ɗan Tudun Wada ne, yana sayar da injinan ban ruwa. A Kwanar Ɗangora muka haɗu wata ranar Juma'a, motar da na shigo ta lalace, ina tsaye da jaka da ledar magungunan Baba. Ya rage mana hanya ni da wata tsohuwa. A mota ya tambaye ni me nake karanta, na faɗa masa, ya yi dariya har ya buga sitiyari.

"Wato duk garin nan kowa na neman yadda zai kashe ɓera, ke kuma kina yi musu hidima?"

Tun daga ranar yake ce mini Likitar Ɓeraye. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashina: "Likita, ya marasa lafiya? A gaishe su, a ce musu sun kusa rasa ki." Ya san Baba ba shi da lafiya, ban ɓoye masa ba. Ya sha zuwa ya gaishe shi, har ya taɓa ɗaura masa igiyar agogo da hannunsa. Amma danginsa ba su taɓa ganin Baba ba.

Aka sa Asabar kawunnansa za su zo neman aure. Bisa al'ada ƙanin uba ne ke karɓar irin waɗannan baƙin, amma ƙanin Baba ɗaya ne, Kawu Mu'azu, kuma ya rasu ina ƙarama. Sauran dangi tashin dam ya watsa su. Inna ta ce a bar wa Liman da Yaya Uzairu, babban wanmu, su wakilta.

Baba ya ce, "Ina raye a ce Uwata ba ta da uba? Zan zauna."

Ranar tun da asuba gidan ya kacame. Ƙanwata Fa'iza ta share zaure ta shimfiɗa sabuwar darduma, ta turara ko'ina da turaren wuta. Inna ta yi waina da miyan taushe, aka soya kifi ragon ruwa manya-manya, aka dama fura da nonon da aka kawo daga rugar bayan gari. Na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, da farin mayafi, lallena ya kama ya yi jajir. Kamal ya turo: "Sun taso. Kawu Bature ne shugaban tafiya, yana da tsauri amma mutumin kirki ne. Gabana sai faɗuwa yake, ke fa?" Na mayar masa da hoton hannuna na ce, "Likita ba ta tsoro."

Na shiga ɗakin Baba in taya shi sa babbar riga. Farar shadda ce mai aikin ruwan toka, tun bikin Yaya bai sake sa ta ba. Ina daidaita masa hula ya ɗaga hannunsa yana kallo, yatsun suna ta murza juna kamar mai jan carbi.

"Uwata."

"Na'am Baba."

"In na ƙara ƙwayar nan fa, yau kaɗai? Kada in miƙa wa surukai hannu yana wannan abin."

Dama 'yan watannin nan na lura in maganin ya kama shi sosai kafaɗarsa takan ɗan yi motsi ita kaɗai. Na faɗa wa likita, ya ce haka yakan faru in an daɗe ana sha, kuma ko kusa kada a ƙara ba da izininsa ba.

Na durƙusa na ce, "Baba don Allah a'a. Rawar hannu ba abin kunya ba ce. In ka ƙara, abin da zai biyo baya ya fi wannan muni."

Ya yi ɗan murmushin da fuskarsa ke iya yi yanzu. "To Uwata. Na ji."

Na fita na bar katin maganin a kan taga, inda yake zama kullum.

Baƙi suka iso bayan azahar. Daga kicin ina jiyo gaishe-gaishe, ina jiyo muryar Baba ta fito tar, har yana ba su labarin tsohon garinsu da yadda ake hango kan rimi in ruwa ya ja. Fa'iza ta leƙa ta dawo tana tsalle. "Yaya, wallahi da hannunsa ya zuba musu fura, ko ɗigo bai zubar ba!" Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Ni kuwa sai na tuna katin maganin da na bari a kan taga.

Ba a jima ba muka ji faranti ya faɗi. Sai salati. Sai muryar Yaya Uzairu: "Safara'u! Ke Safara'u, zo!"

Ban san lokacin da na faɗa zauren ba, cikin maza, mayafi a hannu.

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Babana, mutumin da ko dariya ba ya yi da ƙarfi a gaban baƙo, yana zaune a kan darduma jikinsa yana murɗewa. Wuyansa yana lanƙwasa, kafaɗa tana juyawa, ƙafarsa tana shuri ita kaɗai. Hannun da ya daina rawa ya share farantin goro da alawa, suka watse har bakin ƙofa. Hularsa ta faɗi. Ya yunƙura zai tashi ya bar musu wurin, jikin ya karkata gefe guda ya juya da shi, Yaya ya tare shi. Abin da ya fi ci mini rai, hankalinsa garau yake. Gumi yana tsiyaya daga gemunsa, yana ta cewa, "Ku yi haƙuri. Ku yi haƙuri bayin Allah. Ba da gangan ba ne."

Na san wannan motsin. Wata da watanni ina zaune ina kallonsa a cikin roba. Maganin ya yi yawa, ya faɗa wa wuraren da suka riga suka yi kaifi.

Wani daga cikin baƙin ya ja da baya yana a'uziyya. "Wannan ai iska ce."

Na ce, "Ba iska ba ce, magani ne ya yi masa yawa, zai sake shi." Babu wanda ya kalle ni. Kawu Bature, dogo mai farin gemu, ya sunkuya ya ɗauki hular Baba ya kakkaɓe, ya miƙa wa Yaya da hannu biyu. Ya ce, "Allah Ya ba shi lafiya. Mu za mu koma, sai a sa wata ranar." Ko wainar ba su taɓa ba.

Muka kai Baba ɗaki. Na duba katin a kan taga, gurbin ƙwayoyin yinin gaba ɗaya babu komai. Na kira likitansa, ya ce a kwantar da shi inda ba zai buge ba, a yi ta ba shi ruwa, in ya lafa a koma yadda aka saba sha. Sai wajen magariba jikin ya sake shi. Ya juya fuska bango.

Kamal kuwa shiru. Na tura masa, "Sun iso gida lafiya?" Alamar ya karanta ta fito, amsa babu. Na tura, "Don Allah ka ce wani abu." Nan ma haka. Na shige ɗaki na kwanta, ko makaranta ban koma ba. Inna ce ke kai wa Baba abinci da magani, don na kasa haɗa ido da shi, shi ma na san bai son ganina. Waina ta yi tsami a kwano aka ba maƙwabta masu kaji.

Sai ranar Talata da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Safara'u, ki yafe mini shirun. Gidanmu babu daɗi. Na yi wa Hajiyarmu bayani ba iska ba ce, ta yarda. Abu ɗaya ta ce tana son sani: ana gadon ciwon nan? Ta ce ke kika karanta, in kika ce a'a ta yarda da maganarki, su Kawu su dawo. Zan zo bayan la'asar in ji daga bakinki."

Na lura bai ce Likita ba, amma duk da haka wani sanyi ya ratsa ni. Abin da muka karanta shi ne yawancin masu ciwon nan ba gadonsa suka yi ba, kaɗan ne yake bin jini. Na fito da gudu na sami Inna tana tankaɗen garin masara a inuwa, na karanta mata.

"Inna kin ga, da sauƙi. Tunda babu wanda ya taɓa yi a danginmu sai Baba, zan iya ce masa..."

Rariyar ta tsaya a hannunta.

"Inna?"

"Rufe mana ƙofar nan."

Na rufe na dawo.

"Mai sunanki," ta ce a hankali, "ni na yi jinyarta ina amarya. Ni nake ba ta fura a baki, don ludayi ba ya zama a hannunta. Daga baya ta sandare, sai an juya ta. A lokacin cewa aka yi baƙin cikin barin garinsu ne ya taɓa ta." Ta ajiye rariyar. "Kawunki Mu'azu ma, shekarar da zai rasu, hannunsa ya fara. Bai kai arba'in ba."

Na zauna daɓas a ƙasa. Uwa da 'ya'yanta biyu, ɗaya tun da ƙuruciya. Duk wanda ya karanta abin da na karanta ya san ba a kawar da kai daga irin wannan.

"Me ya sa ba ku taɓa faɗa mini ba? Likita ya tambaye ni, na ce babu!"

"Wa yake tallan ciwon gidansu?" Ta kamo hannuna, nata duk gari. "Ki saurare ni 'yar nan. Da ni da Babanku da Uzairu kaɗai muka sani. Ki ce masa a'a. Ai kin ce yawanci ba a gado, to ki tsaya a nan, ba ki yi ƙarya ba."

Yaya Uzairu ya shigo daga gona, ƙafarsa duk taɓo, ya tsinci ƙarshen zancen. Ya jingina fartanya ya ce, "Ba ke kaɗai ba ce fa. In maganar nan ta je Tudun Wada, kafin Juma'a ta zaga kasuwanni. Fa'iza na tafe. Ni ma ina da 'ya'ya mata. Wa zai zo gidan da aka ce ana gadon wannan abin da suka gani?"

"Yaya, in na ɓoye masa, ranar da ya ji fa?"

"Ranar kina ɗakinki da 'ya'yanki. Waye ya san gobe? Ke kin tabbata za ki yi ciwon?"

"Ban tabbata ba."

"To shi ke nan."

Inna ta fara hawaye. "Sa'o'inki duk suna da 'ya'ya uku-uku. Babanku ya zubar da mutuncinsa a gaban baƙi don ki shiga ɗaki. Kada ki sa ya zama a banza."

Na yi sallar la'asar na daɗe a kan darduma, ban san ma me nake roƙo ba. Na zura baƙar abaya da hijabi ruwan ƙasa, ko hoda ban shafa ba.

Na tarar da Kamal tsaye a gindin mangwaron ƙofar gida, jingine da mota, cikin yadi ruwan sararin samaniya. Ya rame. Muka gaisa kamar baƙin juna.

"Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

Ya cire hula ya mayar. "Kin ga saƙona. Kalma ɗaya nake so in kai wa Hajiya."

Na buɗe baki da niyyar in ce a'a. Wallahi da niyyar haka na fito. Sai na kalli fuskarsa, yadda ya zuba mini ido da yarda, kamar duk abin da zan faɗa daga littafi zai fito.

Na ce, "Yawanci ba a gado. Amma kakata ta yi shi, ƙanin Baba ma ya fara kafin ya rasu. Yau na sani. Zai iya yiwuwa namu mai bin jini ne. Zai iya zuwa mini, ko 'ya'yana, zai iya kuma tsallake mu gaba ɗaya. Ban sani ba, Kamal. Ba zan iya rantse maka ba."

Ya sa hannu ya rufe fuska, da ya sauke idanunsa sun kaɗa.

"Me ya sa kika faɗa mini? Da kin ce a'a, wallahi da na yarda. Da na je na faɗa mata da zuciya ɗaya. Yanzu in na ce mata a'a, ni ne maƙaryacin."

"Ka faɗa mata gaskiya."

"Kin san abin da za ta ce." Ya buɗe mota ya tsaya riƙe da ƙofar. "Zan kira ki."

Na tsaya har motar ta sha kwana ta bi hanyar bakin kwalta. Sannan na juya na shiga zaure.

Baba yana zaune a lungun bayan ƙofa a kan buzunsa. Ban san tun yaushe aka fito da shi ba, amma daga inda yake babu abin da bai ji ba. Ya yi ƙiƙam kamar an dasa shi, yawu yana bin gefen bakinsa, idonsa ba ya ƙiftawa.

"Baba, me kake yi a nan? Ka sha na rana?"

Leɓensa ya daɗe yana motsi kafin sauti ya fito, can ƙasa-ƙasa. "Kin yi daidai, Uwata."

Na durƙusa zan gyara masa zama, gefen buzun ya ɗaga. Ƙwayoyi ne a ƙasa, an jera su a bakin bango, wasu sun narke da alamar daga baki aka fito da su. Tun daga daren Asabar.

"Baba! Innalillahi, Baba me ka yi?"

"Na daina. Gara in sandare... da in sake ba ki kunya."

Na taɓa goshinsa, zafi kamar murfin tukunya. Na kama hannunsa zan lanƙwasa, ya ƙi, kamar icce. Abu na farko da likita ya gargaɗe ni a kai ke nan: mai shan maganin nan in ya yanke shi lokaci guda, zazzaɓi da sandarewa za su iya tafiya da ransa. Na ɓare sabuwar ƙwaya na kai bakinsa, ya datse haƙora. Ko da ya buɗe ma, ban tabbata zai iya haɗiyewa ba.

Na ƙwalla wa Inna da Yaya kira. Asibiti ne kawai, kuma yanzu-yanzu. Baba ba zai zaunu a kan babur ba, motar ƙauyenmu guda ɗaya ta tafi cin kasuwa tun safe. Motar da ta fi kusa da mu a duk faɗin yankin nan, ita ce wadda ta bar ƙofar gidanmu yanzun nan.

Na lalubo lambar Kamal na danna. Ta shiga. Inna tana salati a kaina, Yaya yana ƙoƙarin ɗaga Baba, Baba yana kallona da idon nan da ba ya ƙiftawa, ni kuma waya a kunne ina sauraro tana ta ƙara har ta katse.

Na sake dannawa.